Ruwan Sama Mai Tsarki Ne, Amma Me Yake Tararwa A Kan Rufinmu?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kora girgije zuwa ga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mu mutanen Katsina ba mu taɓa wayar gari mun tarar dusar ƙanƙara ta rufe Ƙofar Soro ba, kuma ba ma sa ran haka. Mafi yawanmu a waya muke ganinta, ko mu ji labarinta a bakin 'ya'yanmu da suka je karatu ƙasashen sanyi. Duk da haka sunanta ba baƙo ba ne ga mai ibada. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan roƙi Ubangijinsa a farkon salla ya wanke shi da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙara, kuma irin wannan roƙo ya zo a addu'ar da ya yi wa mamaci, wadda Muslim ya kawo. Malaman sharhin hadisi, irin su Imam Khaɗɗabi, sun ce daga cikin hikimar ambaton waɗannan biyun akwai cewa ruwa ne da hannu bai taɓa ba, ba a kuma wulaƙanta shi da amfani ba.

To, a ƙarnin da ya wuce masu binciken kimiyya suka gano wani abu da ya isa ya tsayar da mai tunani, wato hannun ɗan Adam yana iya kaiwa ga dusar ƙanƙara ba tare da ya taɓa ta ba. Hadisi yana nan a kan gaskiyarsa, domin tsarkakakke Allah ya halicci wannan ruwa, kamar yadda aya ta 48 ta Suratul Furƙan ta tabbatar. Abin da ya sauya shi ne hanyar da ruwan yake bi kafin ya iso ƙasa. Kuma muna ganin wannan bincike, duk da a can nesa aka yi shi, yana da magana da magidancin da ke tara ruwan indararo a Rafindaɗi ko Sabuwar Unguwa, da limamin da ke cika tankin masallaci da ruwan damina.

Bari mu fara da yadda abin yake faruwa a can. Ɗigon ruwa ba ya ƙulluwa a cikin girgije sai ya sami wata 'yar ƙwayar abu da zai taru a kanta, ko ƙura, ko gishirin teku, ko toka, ko hayaƙi. Dusar ƙanƙara kuwa a hankali take saukowa, ga ta sakayau kamar audugar rimi, sai ta riƙa share abin da ke cikin iska tana tahowa da shi. Idan ta sauka ba ta gudu kamar ruwa. Kwanciya take yi wata uku ko huɗu ko fiye, duk abin da iska ta kwaso yana ƙara sauka a kanta. Ranar da zafi ya dawo ta fara narkewa, tarin sinadaran nan ba a hankali suke fita ba. Masu bincike a ƙasar Norwe sun auna a shekarun 1970, suka ga kashi ɗaya cikin uku na farkon ruwan da ya narke shi ke kwashe fiye da rabin abin da ya taru. Hayaƙin kwal na masana'antun Ingila da tsakiyar Turai ne iska ke kai musu, ya zama asid a cikin dusar, ruwan farko ya zuba shi lokaci guda a koguna, kifi ya yi ta mutuwa a inda babu masana'anta ko ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan batu na ruwan farko, za mu dawo kansa.

Ba duk abin da ake samu a cikin dusar ba ne aikin mutum. Akwai gishirin da iska ke ɗebowa daga teku, akwai tokar gobarar daji, akwai farar wutar da duwatsu masu aman wuta ke fesawa sama. A wuraren da dusar ba ta narkewa, kamar tsibirin Girinlan da nahiyar Antaktika, ta bana tana kwanciya a kan ta bara har ta zama kamar shafukan littafi, masana su haƙa su karanta. A ciki sun ga alamar dutsen Tambora na Indonesiya da ya yi aman wuta a 1815, shekara biyu kafin rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai kuma ƙura, kuma a nan ne labarin ya taɓo yankinmu. A watan Fabrairun 2021 mutanen Faransa da Suwizalan suka tashi suka ga dusar tsaunukansu ta yi ja-ja kamar an barbaɗa mata garin jan ƙasa. Ƙurar Sahara ce ta ƙetare teku. Hazon da muke kuka da shi a hunturu, 'yan uwansa ne ke sauka a kan tsaunukan Alps.

Sai kuma rabon ɗan Adam, wanda ya fi tsufa fiye da yadda ake zato. A ƙanƙarar Girinlan an ga dalmar da ta tashi daga wuraren narka azurfa na Rumawa kimanin shekara 2,000 da suka wuce, mafi yawansu a ƙasar da daga baya Musulmi suka kira Andalus. Amma wancan kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo bayan 1923, lokacin da aka fara sayar da man fetur mai dalma a Amurka. Wani masani mai suna Clair Patterson da abokan aikinsa sun bayyana a 1969 cewa dalmar da ke cikin sabuwar dusar Girinlan ta ninka ta zamanin da kusan sau 200. Kamfanonin mai ba su ji daɗinsa ba, amma a ƙarshe ƙasashe suka riƙa hana wannan man ɗaya bayan ɗaya, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina daga farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Abin lura a nan shi ne, da aka rage man a Amurka da Turai, dalmar da ke cikin dusar ita ma ta ragu ƙwarai cikin shekara ashirin. Ke nan ɓarnar ta hannu ce, kuma da aka janye hannun sai ta ja da baya. Yau kuma sabbin baƙi ake gani: a 2019 an sami ɓurɓushin roba a dusar yankin Aktik, a 2022 aka same shi a sabuwar dusar Antaktika, inda babu gari, babu kasuwa, babu juji.

Akwai wani abu guda a labarin ƙurar 2021 da bai kamata ɗan Najeriya ya wuce shi ba. Da aka gwada ta a Faransa an sami ɗan ragowar sinadarin nukiliya a ciki, kaɗan ne da bai kai ya cutar ba, amma saura ne na gwaje-gwajen bama-bamai da manyan ƙasashe suka yi a sararin sama a ƙarnin da ya wuce. Faransa kanta ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairun 1960, ana tsakiyar hunturu, kuma da ta ƙi dainawa, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita a watan Janairun 1961. Shugabanninmu na wancan lokaci sun fahimci cewa iska ba ta tsayawa a bakin iyaka. Ƙurar daga Allah take, abin da ta ɗauko kuwa daga mutane, kuma a tare suka sauka.

Yanzu mu dawo gida. Ba mu da dusar da za ta kwanta wata huɗu, amma muna da abin da ke yin aikinta, wato rufin gidajenmu. Daga ɗaukewar ruwa a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba har zuwa Mayu ko Yuni, wata bakwai zuwa takwas ke nan kwanonmu yana shimfiɗe yana karɓar duk abin da sararin Katsina ya sauke masa, babu abin da ke wanke shi. Sai ranar da hadarin farko ya taso daga gabas, mata su fito da bokiti da baho da randa, a tara a ƙarƙashin indararo ana hamdala. Ruwan nan na farko shi ne daidai da farkon narkewar dusar Norwe. Shi ne ke wanko tarin wata takwas cikin 'yan mintoci.

Me ya taru? Kaso mafi yawa ƙurar hunturu ce, kuma babbar mahaifarta wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Dā can gindin wani makeken tafki ne wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne kawai. Da ya ƙafe sai ya bar farin gari mai laushi, iska ta matso ta tsakanin duwatsun nan biyu ta kwashe shi. Masana suna lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wannan ƙura ba sharri ce zalla ba. Tana ɗauke da sinadaran da ƙasar noma ke buƙata, kuma manomanmu da suke cewa shekarar da aka yi hazo mai yawa akan yi albarka ba su yi nisa da gaskiya ba. Amma ita ce kuma ke tayar da asma, ta busar da hanci da maƙogwaro, kuma lokacinta da na zafin bazara su ne lokacin sanƙarau, wanda a 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasari a Arewa. Wannan kason ba mu da iko a kan tasowarsa. Abin da ke kanmu shi ne kariya, irin amsar da Sayyidina Umar ya bayar lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna cewa wanda ya kauce wa cuta bai fita daga ƙaddarar Allah ba.

Ɗaya kason kuwa namu ne, kuma duk wanda ya zagaya gari bayan sallar Magariba a watan Disamba ya san shi da hancinsa. A lokacin sanyi iskar ƙasa takan yi nauyi da daddare da asuba, hayaƙi ya kasa tashi, ya kwanta a kan unguwa kamar mayafi. Bola ce aka cinna wa wuta, kuma bolar yau ba ta kakanninmu ba ce. Tasu kara ce da toka da kashin awaki, a kwashe a kai gona ta zama taki. Tamu leda ce, da robar lemo, da ƙunzugun yara na zamani, da matattun batura, da guntayen waya. Idan aka ƙone roba a wuta mai ci a hankali, musamman irin ta bututu da ta jikin wayar lantarki, tana fitar da guba mai suna dayoksin, wadda ke daɗewa ba ta lalace ba, ta taru a kitsen dabba da na mutum, kuma an tabbatar tana haddasa ciwon daji. Ga tsofaffin tayoyi da ake babbakar kai da ƙafa da ganda da su. Ga masu ƙona waya don su ciro jan ƙarfe. Ga masu fasa batirin mota da na sola su narka dalmar ciki a fili, sana'ar da ke ƙaruwa gwargwadon yadda sola ke ƙaruwa a gidajenmu. Ga hayaƙin janareto da na tsofaffin motoci da babura. Mutanen Fatakwal sun ga ƙarshen wannan hanya tun daga 2016, lokacin da baƙar kunkunniya ta fara sauka a kan shanyarsu da cikin hancin 'ya'yansu. Namu bai kai can ba, amma duk wanda ya shafa yatsa a kan kwanonsa a watan Afrilu zai ga ba jar ƙura kaɗai ce ta maƙale masa ba.

A nan ne muke son tsayawa da ɗalibai, domin a nan ne kuskuren fahimta yake. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ya san cewa ruwan da ake alwala da wanka da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba da abin da yake rabuwa da shi a galibi, kamar mai ko sabulu ko ƙazanta. Idan kuwa da ƙasa ya jirkita, ko taɓo, ko gishirin wurin da yake kwance, ko gansakuka, babu laifi. Shehu Halilu a farkon Muhtasar ya shigar da raɓar da aka tara da ruwan da ya narke bayan daskarewa a cikin ruwa mai tsarkakewa. Saboda haka ruwan indararon da ƙurar hunturu ta mayar ja, alwala da shi ta inganta, babu kokwanto. Kuma ku dubi kyawun wannan rabe-rabe: malamanmu tun da daɗewa sun bambanta abin da yake tare da ruwa a ɗabi'arsa da abin da aka kawo masa daga waje, kusan yadda masu kimiyya suke raba gurɓatar da ta fito daga halitta da wadda ta fito daga mutum.

Sai dai wannan ma'auni na launi da ɗanɗano da ƙanshi an kafa shi ne don ibada, don sauƙaƙa wa bawa, ta yadda makiyayi a daji zai san hukuncin ruwan da ke gabansa da idonsa da harshensa. Ba a kafa shi don ya zama shaidar lafiyar ruwan sha ba. Hujja mafi kusa ita ce ruwan teku: hadisi a Muwaɗɗa ta Imam Malik ya tabbatar da cewa mai tsarkakewa ne, amma wanda ya dogara da shansa ƙishirwa ce za ta kashe shi. Ke nan "mai tsarki" daban, "mai lafiya" daban, kuma mu ne muka haɗe su a harshenmu na yau da kullum har uwa takan ce ai ruwan Allah ne, ba ya cuta.

Dalma ita ce misalin da ya fi tsoratarwa, domin a gwargwadon da take cutarwa ba ta da launi, ba ta da ƙanshi, ba a jin ta a harshe. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha, idan aka mayar da ita lissafinmu, ita ce giram ɗaya a cikin lita 100,000, wato jarka 4,000 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Hukumar ta kuma ce babu wani gwargwado na dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Ba ta cika kashewa nan take ba; ƙwaƙwalwa take ci a hankali, yaro ya taso da raunin fahimta da saurin fushi, malamin allo ya yi ta dukansa a kan hadda, ba wanda ya san daga ina abin ya faro. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da dalma, sai ma ta ƙara mata kauri idan ruwan ya ƙone. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, ido ya gamsu, alhali abin da ya narke a ciki ba lallai ya tafi ba.

Kada wani ya ce wannan tsoro ne na littafi. Maƙwabtanmu na Zamfara sun gani a 2010, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya Allah ne ya halicce shi da dalma a ciki, kuma shekaru aru-aru yana kwance a ƙarƙashin ƙasa bai cuci kowa ba. Da aka kawo shi cikin gida ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, sai ƙurarsa ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Wa zai ce wannan guba ta halitta ce kawai, ko ta mutum ce kawai? Aya ta 41 ta Suratur Rum ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata, kuma sau da yawa abin da hannun ya yi bai wuce ɗauko abu daga inda Allah ya ajiye shi ya kai inda bai dace ba.

Idan babin tsarki bai ɗauki wannan mas'ala ba, wane babi ne ya ɗauke ta? Babin cuta da haƙƙin maƙwabtaka. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa, shi ne kuma na 32 a Arba'una Hadisi ta Nawawi da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya. Malaman Malikiyya ba su bar shi a matsayin wa'azi kawai ba, sun gina hukunce-hukuncen alƙalanci a kansa. A birnin Tunis, a ƙarni na 14, an yi wani gwanin magini mai suna Ibnur Rami wanda alƙalai ke aikawa ya dubo musu rigingimun gine-gine, ya kuma rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. A ciki ya kawo yadda malamai suka raba hayaƙi gida biyu: na girkin gida, wanda ba makawa sai da shi, ba a hana shi, da na gidan wanka na haya da gidan gasa burodi, wanda idan aka ƙirƙiro shi ya cuci maƙwabta ana hana mai shi. Haka suka yi magana a kan warin majema. In har hayaƙin itacen mai burodi ya isa a kai mutum gaban alƙali, ina ga hayaƙin taya da leda da ke shiga ɗakin mai jego, ya kwanta a kan rufin da za a sha ruwansa? Akwai kuma darasi na biyu a labarin Ibnur Rami, shi ne alƙalan nan, duk da zurfin iliminsu, ba su ji kunyar tambayar magini ba. Garin da ya fitar da Wali Ɗanmarina da Ɗanmasani, da Muhammadu Alkatsinawi masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, bai kamata malaminsa na fiƙihu ya ga baƙon abu ba ne ya zauna da malamin sinadarai na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Alƙalam kafin ya ba da fatawa a kan ruwan sha.

Mun san abin da za a ce, kuma yana da nauyi. Za a ce matar da ke ƙona shara a bayan gida ba don mugunta take yi ba, motar kwasar shara ce ba ta zuwa lungunsu, in ta bar ta kuma ta toshe kwata, damina ta zo ruwa ya ci gida. Za a ce almajirin da ya tara leda da guntun taya yana jin ɗumi da asubar Janairu ba shi da bargo. Gaskiya ne, kuma ba mu ɗora musu laifin da ya fi ƙarfinsu. Babban nauyin yana kan hukuma, wadda ita ce za ta samar da wurin zubar da shara, ta kwashe a kan lokaci, ta fitar da masu narka batir daga cikin unguwa zuwa inda za a sa musu ido, ta samar wa mahauta abin babbaka da ba taya ba. Almajirin nan kuwa, hujja ce a kanmu gaba ɗaya, ba a kansa ba. Shi ne ma ya fi kowa shaƙar gubar, tunda shi ke durƙushe a gaban wutar. Amma uzurin mai rauni ba ya zama uzurin mai hali. Mai gidan da ya iya sayen janareto ya iya juya bututun hayaƙinsa daga tagar maƙwabci. Mai shagon da ke tara kwali da leda ya cinna musu wuta a bakin titi kowace yamma ya iya biyan mai kura ya kwashe. Kuma 'yan Hisba da ke kula da tarbiyya a kan titi, a tarihin Musulunci aikin muhtasibi ya haɗa da hana abin da ke cutar da masu wucewa a hanya da kasuwa.

Za a kuma iya fahimtarmu a karkace, a ce muna hana mutane ruwan sama. Allah ya kiyaye. A garin da mutane da yawa ke sayen ruwa jarka-jarka, kuma ruwan madatsar Ajiwa bai wadatar da kowace unguwa ba, watsar da ruwan damina almubazzaranci ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka sami milimita 600, wanda bai yi nisa da abin da Katsina ke samu ba, zai zubar da lita 60,000, kimanin jarka 2,400. Kuma ruwan tsakiyar damina, bayan iska ta wanku, rufi ya wanku, yana daga cikin mafi kyawun ruwan da talaka zai samu. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Anas, yakan yaye wani sashe na tufafinsa ruwan sama ya taɓa jikinsa. Ruwan da ya sauko kai tsaye ke nan, bai bi ta kan kwanon da ya yi wata takwas yana shan hayaƙin bola ba. Haka ƙanƙarar da yara ke rububin tsinta idan ta zubo, ba ita ce abin tsoro ba, inda ta faɗa ne abin dubawa.

Abin da muke nema ga magidanta ba mai tsada ba ne, kuma iyayenmu mata na dā sun san rabinsa, domin da yawansu ba sa tara ruwan farko don sha, sai su bar shi ya wanke rufi. A hau a share kwano da indararo kafin hadari ya fara. A bar ruwan farko da na biyu su tafi ga shuka da wanke tsakar gida, kuma ko a tsakiyar damina, idan an kwana biyu ba a yi ruwa ba, a bar na mintocin farko ya zube kafin a tara. A rufe abin da aka tara, wanda dama umarni ne na hadisi a rufe ƙorai da tuluna. A tafasa na sha saboda kashin tsuntsaye da ƙadangaru. Durom ɗin da aka sayo a kasuwa ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba, da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, kada su kusanci ruwan sha ko an wanke su sau bakwai, domin roba tana riƙe guba. Gidan da ke kusa da inda ake narka batir ko ƙona waya kuwa, ruwan rufinsa ya tsaya ga wanki da alwala, yara su sha wani, har sai an kai shi ɗakin gwaji an duba.

Ga limamanmu kuma muna da roƙo guda. Idan ruwa ya yi jinkiri mukan fita filin Idi roƙon ruwa, manya da yara, cikin ƙanƙan da kai, kuma haka Sunna ta koyar. Muna roƙon a ware huɗuba ɗaya a cikin makonnin bazara, kafin a kai ga wannan fita, a yi wa jama'a bayanin bambancin ruwa mai tsarki da ruwa mai lafiya, da hukuncin hayaƙin da ke cutar da maƙwabci. Kwamitin masallacin da ya iya tara kuɗin tayil da fanka zai iya ɗaukar matasa biyu su share rufin masallaci da na Islamiyya, a wanke tankin da ɗaruruwan yara ke sha daga cikinsa, a ɗebi kwalba ɗaya a kai jami'a a gwada, a karanta wa jama'a sakamakon bayan sallar Juma'a.